Kuɗin haya ya ninka a Kano: laifin masu gidaje ne, ko gidajen ne suka yi kaɗan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Kano, ina da mata da 'ya'ya 4. Shekara 6 ke nan ina haya a wani gida mai ɗaki biyu da falo a wajen Ɗorayi. Bara naira dubu 350 na biya, bana mai gidan ya turo dillali ya ce dubu 700 ne, in ba zan iya ba in tashi, akwai mai so. Tunda na shiga ko fenti bai taɓa yi wa gidan ba. Na zagaya neman mai sauƙi ban samu ba. Me ya jawo haka? Me ya hana gwamnati ta ƙayyade kuɗin haya? Ni kuma yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya yassare, ya rufa asiri. Na fi shekara 20 ina aikin ƙiyasta kuɗin gini da yi wa gidaje da filaye kima tsakanin Kano da Kaduna da Abuja, kuma ban taɓa ganin magidanta masu albashi suna zuwa mini da wannan kuka kamar daga 2023 zuwa yau ba. Mai gidanka yana da nasa laifin, zan zo kansa. Amma abin da ya ba shi bakin aiko maka da "in ba za ka iya ba ka tashi" shi ne ya san in ka fita babu inda za ka. Irin gidan da malamin makaranta ko ɗan sanda ko mai ɗan shago zai iya kamawa, wato ɗaki ɗaya, ko ciki da falo, ko ɗaki biyu da falo marar ƙyale-ƙyale, kusan an daina gina shi domin haya, wanda muka tarar kuma kullum raguwa yake yi. A nan ciwon yake, kuma duk maganin da bai taɓa nan ba ɗaurin kai ne kawai.

Mu fara da buhun siminti, tunda shi ne ma'aunin da kowane birkila ya sani. A farkon 2023 ana sayensa tsakanin naira 4,000 da 5,000. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ya haura 10,000 a garuruwa da dama, har gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka yi maganar a riƙa sayarwa tsakanin 7,000 da 8,000. Har yau bai koma farashinsa na da ba. Abu biyu ne suka haɗu a shekara guda: an cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, sannan a watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024. Gaskiya ne a gida ake yin siminti, a Obajana da Sakkwato da Ashaka, amma kayan gyaran injinan da dala ake sayo su, tirelar da ke kawo shi Kano kuma dizal take sha. Rodi, kwanon rufi, wayar lantarki, tayil, fenti, kayan famfo, in ba daga waje aka shigo da su ba, to kayan haɗa su daga waje suke. Tifar yashi ma kuɗin mai yana cikin farashinta. Birkila da kafinta da lebura sun ƙara jinga, kuma ba za ka ga laifinsu ba, kasuwar da kake awo a cikinta nan suke yi.

Yanzu ka zauna a kujerar mai kuɗin da zai gina. Mu ɗauka yana da naira miliyan 30, ya sayi fuloti a bayan gari ya gina sashe biyu, kowanne ɗaki biyu da falo, ya ba da kowanne haya a dubu 500. Miliyan 1 ke nan a shekara. Sai ya shekara 30 kafin uwar kuɗinsa ta dawo, kuma ba a cire gyaran rufi ba, da yashe sokawe, da watannin da gidan zai zauna babu kowa, da ɗan hayar da zai riƙe masa kuɗi. Wato abin da yake samu bai fi kashi 3 cikin 100 a shekara ba, a ƙasar da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. A wannan shekarar takardun lamunin gwamnati sun ba da sama da kashi 20. Wanda yake gudun kuɗin ruwa ma yana da hanyoyin da suka fi haya tsoka: ya zuba kuɗin a kaya a kasuwar Singa ko ta Dawanau, ko ya sayi fili ya katange ya manta da shi. Maganar cin bashin banki a gina gidan haya kuwa ba ta ma taso ba, domin a Nuwamban 2024 Babban Banki ya kai ma'auninsa na kuɗin ruwa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuma sai sun ɗora nasu a kai. Shi ya sa in ka duba gine-ginen da ke tashi a gari, za ka ga ko dai mutum yana gina wa kansa, ko ana gina na sayarwa, ko kuma manyan gidaje ne da ake sa ran wanda zai biya miliyoyi. Na talaka babu mai taɓa shi.

Za ka ce, to ai gidan da nake ciki ba da simintin bana aka gina shi ba. Gaskiyarka. Tsohon gida yana bin farashin sabo ne saboda babu sabon da zai yi gogayya da shi. Masu gidajen kuma kashi biyu na san su. Akwai tsohon ma'aikacin da fanshonsa ba ya kai shi tsakiyar wata, da matar da mijinta ya rasu ya bar mata marayu da gida ɗaya. Su da kuɗin hayar suke cin abinci, kuma dubu 350 ta bana ba ta sayen rabin abin da ta saya shekara 3 da suka wuce. Akwai kuma wanda ba abin da ya matsa masa, dillali ne kawai ya je ya ce masa, "Alhaji, gidan maƙwabcinka dubu 700 aka kama shi." Ka lura da wannan sosai: dillali la'adarsa daga sabon ɗan haya take fitowa, yawanci kashi 10 cikin 100 na kuɗin shekara. In ka sabunta ba ya samun komai, in ka tashi wani ya shiga ya samu, kuma in farashin ya ninka la'adar ta ninka. Sau da yawa wutar daga nan take tashi.

Ra'ayina a kan naka mai gidan a fili yake. Mutumin da ya shekara 6 yana biyanka a kan kari, a ninka masa haya dare ɗaya, ba gyara, ba zama a yi magana, sai aike ta bakin dillali, wannan rashin tausayi ne ko da doka ba ta kama shi ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi addu'ar rahama ga mutum mai sauƙi idan ya sayar, idan ya saya, da idan ya nemi haƙƙinsa. Ƙari yana da hujja a wannan zamani, amma akwai ƙarin da mutum zai iya ɗauka, akwai wanda kora ce aka sa mata wani suna.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne gidajen da muke rasawa. Shekarun baya an kira ni in yi wa wani gida kima a wata tsohuwar unguwa kusa da kasuwa. Mai shi ya rasu, magada sun yi yawa, gidan ba ya rabuwa sai an sayar. Ɗakuna 14 ne a ciki, da rijiya a tsakar gida da banɗaki 3, iyalai 11 ne suke haya, akwai wata tsohuwa da ta aurar da 'ya'yanta duka daga ɗaki guda a gidan. Wani ɗan kasuwa ya saya, ya rushe, ya gina bene na shaguna a ƙasa, sito a sama. Ban ga laifin magada ba, rabon gado haƙƙi ne, wanda ya saya ma lissafinsa daidai ne, domin shago ɗaya yana kawo abin da ɗaki 3 ba sa kawowa, mai shago kuma ba ya cika maka masai, ba ya kiranka rufi na yoyo da tsakar dare. Amma ranar da aka sa katafila a gidan nan, iyalai 11 suka shiga layin neman ɗaki, kuma ba a gina ko ɗaki ɗaya a madadin nasu ba. Har yau in na bi ta layin sai na tuna tsohuwar nan. Duk wanda ya san Fagge da layukan da ke kewaye da Kantin Kwari, da Sabon Gari, da wajen Ƙofar Wambai, ya ga yadda kasuwa take cinye gidajen kwana. A unguwannin da suka fi sarari kuma, gidan da ke bakin titi ya zama makarantar kuɗi, ko asibiti, ko ofis.

Masu neman gida kuwa sun ƙaru ta fuskoki da dama. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, kuma tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba. Adadin nan na giɓin gidaje miliyan 17 a Najeriya da aka daɗe ana ambata, Babatunde Fashola da kansa, lokacin yana ministan ayyuka da gidaje, ya ce ba shi da tushe, don haka ba na gina magana a kansa. Abin da ido yake gani ya isa. Da can saurayi in zai yi aure, ɗaki ake gyara masa ko a yanka masa sashe a gidan mahaifinsa. Yanzu gidan gado ya cika, tambayar farko ta iyayen yarinya kuma ita ce ina za a ajiye ta, sannan kayan ɗakin amaryar yau, da gado da kujeru da kayan kicin, ba sa shiga ɗaki ɗaya. Kowane ɗaurin aure sabon mai neman gida ne, kuma duk irin naka suke nema. Ga waɗanda rikici ya taso daga Borno da Yobe tun 2009, ga na ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Mai ɗan hali a cikinsu birni yake shigowa ya kama haya. Ga ɗaliban Jami'ar Bayero da suka sa masu filaye a Rijiyar Zaki da Ɗanbare suka koma gina ɗaki mai banɗaki a ciki, domin ya fi kawo kuɗi a kan gidan mai iyali. Tsadar mai ma ta shigo ciki: tunda kuɗin Adaidaita Sahu ya tashi, kowa yana son zama kusa da wurin nemansa, sai gidajen da ke kusa da gari suka ƙara daraja.

Sai maganar ƙasa, wadda a ganina ita ce uwa uba. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma an saka ta cikin tsarin mulki, shi ya sa gyara ta yake da wuya. A ƙarƙashinta, sayar da fili mai satifiket, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, ko jinginar da shi a banki sai da amincewar gwamna. Neman takarda yana cin lokaci da kuɗi, fulotan da gwamnati take yankawa kuma ba su cika faɗawa hannun mai buƙatar gini ba. Wanda ya samu yakan sayar da takardar, na biyu ya sayar wa na uku, a ƙarshe a katange a bari yana ƙara kuɗi. Ka fita bayan gari ta kowace hanya, za ka ga katanga bayan katanga da ciyawa a ciki. Talaka da ya gaji da jira sai ya koma awon igiya: a yanka gona, a bar lungun da mota ba ta shiga, ba magudanar ruwa, ba filin makaranta, takardarsa ita ce ta ciniki da sa hannun mai unguwa. Da yawa daga cikin sababbin unguwannin Kumbotso da Ungogo haka suka tashi. Awon igiya ya rufa wa dubban mutane asiri, ba na raina shi, amma banki ba ya karɓar takardarsa, mai jari ba ya son zuba miliyoyi a inda damina ɗaya za ta iya cinyewa, gwamnati kuma in ta zo kawo titi daga baya sai ta yi rusau ta biya diyya. Da an ja layin titi da kwata tun kafin a sa bulo na farko, da kuɗin bai kai ko kusa ba.

Abuja ce ta fi nuna ƙarshen wannan hanya. Tun da aka mayar da gwamnati can ranar 12 ga Disambar 1991, ƙananan ma'aikata ba su samu gurbi a cikin birnin ba, sai Nyanya da Mararaba da Masaka da Suleja, su yi asubanci su dawo bayan isha. Bayan tsarin 2003 na mayar da alawus ɗin ma'aikata kuɗi, an sayar da gidajen gwamnati, hukuma ta fita daga sahun masu ba ma'aikaci masauki. A lokaci guda kuma ga manyan gidaje a Maitama da Asokoro da Guzape a rufe, sai mai gadi. A Disambar 2024 kotu ta mallaka wa gwamnati wani rukunin gidaje 753 a Lokogoma da hukumar EFCC ta kama. Gini ana yinsa, kuɗi suna shiga ƙasa da siminti, amma a matsayin ma'ajiya, ba domin a kwana a ciki ba.

Gwamnati ta taɓa gini, kuma ya yi amfani. Gidajen Shagari na tsakanin 1979 da 1983 suna nan a garuruwa da yawa, a Kano ga Kundila da Gwammaja da Ɗanladi Nasidi, iyalai da dama a nan suka samu na kansu. Biranen Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo da aka gina tsakanin 2011 da 2015 aiki ne babba, sai dai farashinsu ya fi ƙarfin malamin makaranta, kuma da yawa sun daɗe a rufe, har a 2025 gwamnatin jiha ta ba waɗanda suka saya wa'adin su tare ko su zuba 'yan haya. A Fabrairun 2024 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da ginin gidaje 3,112 a Karsana ta Abuja. Madalla da shi, amma ka auna shi da yawan auren da ake ɗaurawa a Kano kaɗai a shekara.

Asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa da dokar 1992, shi ne ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 na albashinsa dominsa, Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya kuma ya ba da rance a kan kashi 6, a biya har shekara 30. Rance ne mai sauƙi ƙwarai. Amma ka yi lissafi: bashin miliyan 15 a kan waɗannan sharuɗɗa kusan naira dubu 90 ne duk wata, ka'ida kuma ita ce kada biyan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi, wato sai mai ɗaukar wajen dubu 270. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Yulin 2024 dubu 70 ne, Kano ta sa nata dubu 71. Ga sharaɗin satifiket, ga kuma damuwar kuɗin ruwa da take hana mutanenmu da yawa ko tambaya, duk da cewa bankuna irin Jaiz da TAJ sun buɗe ƙofar mallakar gida ta hanyoyin da shari'a ta yarda da su. A harkarmu ana cewa haya kada ta wuce kashi 30 na abin da mutum yake samu. Mai dubu 70 a wata ke nan kada ya wuce dubu 252 a shekara. Ka nemo mini gidan mai iyali a wannan kuɗi a cikin birnin Kano yau.

To me ya hana a ƙayyade? An gwada. A Legas, gwamnatin soja ta Buba Marwa ta fitar da doka a 1997 da ta tsara kuɗin haya unguwa-unguwa, kasuwa ta bi ta kanta ta wuce. Dokar haya ta Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya a gaba, amma ɗan hayan da ya matsu da kansa yake miƙawa. A Ghana dokar 1963 ta ce kada a karɓi fiye da na wata 6, ka tambayi 'yan'uwanmu na unguwar Nima a Ankara, babban birnin ƙasar, na shekara ɗaya ko biyu ake nema. Idan masu nema 10 ne gida ɗaya ne, doka ba ta hana tara daga cikinsu ƙara kuɗi a ɓoye. Farashin da aka hana a rasit sai ya dawo da sunan kuɗin yarjejeniya, ko kuɗin ajiyar ɓarna, ko la'ada. Mai gida ya daina gyara, wani ya ce ba zai ba kowa ba sai ɗan'uwansa, wanda yake shirin gini kuma ya fasa. Ƙarshenta gidajen su ƙara yin kaɗan, wanda ba shi da hanya shi ne zai rasa.

Wannan ba ya nufin doka ba ta da aiki. Tana iya tilasta a sanar da ɗan haya ƙari tun watanni kafin wa'adinsa ya cika, a yi wa dillalai rajista a ƙayyade la'ada, a kuma hanzarta shari'ar haya. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ga ɓangare biyu: abin da ya sa mai gida yake dagewa sai kuɗin shekara a dunƙule shi ne tsoron wanda zai ƙi biya ya ƙi tashi, shari'a ta yi ta jan ƙafa. In ya san kotu za ta raba gardama cikin makonni, ko za a riƙa cire kuɗinsa daga albashi duk wata, zai karɓi biyan wata-wata, kuma albashi ai wata-wata yake zuwa.

Da za a tambaye ni abin da jiha za ta yi da ɗan kuɗin da take da shi, zan ce ta rage gina gidaje ƙalilan masu tsada ta koma shirya ƙasa. A yanka ƙananan fulotai masu yawa, a fitar da titi ko na burji ne, a ja kwata da ruwa da wuta, a ware filin makaranta da kasuwa da maƙabarta, a ba mutum takarda mai sauƙi da sharaɗin ya fara gini cikin wa'adi, a sa motocin haya masu araha a hanyar. Bahaushe ya iya gina gidansa da kaɗan-kaɗan, bana harsashi, baɗi linta, abin da ya gagare shi shi ne fili mai aminci. Filin da aka katange aka bari shekara da shekaru a cikin gari a sa masa haraji mai nauyi, mai shi ya gina ko ya sayar. Mai gina shaguna a inda ya rushe gidan kwana a sharɗanta masa ɗakunan haya a saman bene. Sannan mu daina kallon ginin ƙasa a matsayin alamar talauci. Bulon jar ƙasa da ake matsewa da inji a sa masa ɗan siminti yana da ƙarfi, ya fi bulon siminti sanyi a zafin bazara, kuma a Yamai an gina rukunin gidaje na zamani da shi a 2016, wanda ake kira Niamey 2000, masu zanen har da 'yar Nijar Mariam Kamara. Attajiranmu kuma, da masu kula da zakka da hubusi, ina roƙonsu su duba waƙafin gidajen haya. Unguwar da take da masallatan Juma'a biyu tana iya rasa ɗaki ɗaya da za a sa matar da aka fitar da ita da marayunta.

Yanzu kai, Malam. Ka fara da duba takardar yarjejeniyarku da rasitanka. Mai gida ba shi da ikon ƙara maka kuɗi a tsakiyar wa'adin da ka riga ka biya, kuma kotunan ƙasar nan sun ɗauki ƙarin da ya yanke shi kaɗai a matsayin tayi ne, sai ka amince yake zama yarjejeniya. Sai dai in kun kasa daidaitawa yana da damar neman gidansa ta hanyar doka. Abin da aka saba ga mai biyan shekara-shekara shi ne notis na wata 6, sai wani na kwana 7, sannan a je kotu, sai fa in takardar da kuka sa wa hannu ta faɗi wani wa'adi dabam, shi ya sa na ce ka karanta ta. Saƙon baka ta hannun dillali ba notis ba ne. Cire ƙofa, ko yaye kwano, ko watso kaya waje, ko turo matasa, duk doka ta hana, kotu kaɗai take fitar da mutum. In abin ya kai can, akwai hukumar ba da tallafin shari'a kyauta ga marasa hali. Amma kada ka daina biyan abin da ka saba biya, ka ajiye shaida, domin riƙe kuɗi shi ne yake ɓata wa ɗan haya hujjarsa.

Kafin duk wannan, ka tsallake dillalin ka je wurin mai gidan da kanka, ka tafi da dattijon da yake jin kunyarsa, limamin unguwa ko mai unguwa. Ka nuna masa rasitan shekara 6. Ka tuna masa cewa in ka tashi sai ya yi fenti da gyara, gidan zai iya yin wata biyu a rufe, kuma bai san halin wanda zai shigo ba. Ka yi tayin ƙarin da za ka iya, ko da rabi bana rabi baɗi ne, ko a raba biyan kashi biyu, ko ka ɗauki wani gyara a cire daga haya. Na sha ganin an sauko daga ninki zuwa ƙarin kashi 30 ko 40 a zama ɗaya, musamman in ya tabbata dillali ne ya hura wutar. Abin da kuka daidaita a rubuta, da shaidu biyu.

In tashin ya zama dole, kada arahar gidan nesa ta ruɗe ka. Ƙarin naira 1,000 na abin hawa a rana, kwana 22 a wata, dubu 264 ne a shekara, ban da na kai yara makaranta da sayen ruwa a wurin 'yan garuwa. Ka haɗa duka kafin ka kwatanta. Ka riƙa karɓar rasit da sunanka, domin sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yarda a cire kashi 20 na kuɗin hayarka, iyaka naira dubu 500, daga abin da ake yanka maka haraji a kai. A hayar dubu 700 za a cire dubu 140, ga mai biyan kashi 15 sauƙin dubu 21 ke nan a shekara. Ka kai takardun ofishin da yake biyan ku albashi. Kuɗin hayar baɗi kuma ka fara tara shi daga albashin wannan wata, ko ta adashe da abokan aiki a sa kwasarka ta zo daidai da watan biya.

Hanya mai tsawo ita ce ƙungiyar taimakon juna ta malamai. Mutum 20 ko 30 in suka haɗa kuɗi suka sayi gona guda, suka kira mai safiyo ya fitar da layuka masu faɗi, suka nemi takarda tare, fulotin kowa yana zuwa da sauƙi fiye da sayen ɗaiɗai a hannun dillali. Kafin ku biya ko kwabo ku bincika a KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, da KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ko filin yana cikin wani tsarin gwamnati, ku ga duk magadan gonar ido da ido, ku je wurin a watan Agusta bayan an yi ruwa mai ƙarfi ku ga inda yake kwanciya, ku kauce wa ƙarƙashin babbar wayar lantarki da bakin kwari. In Allah ya hore, kada ka jira sai ka gama gidan da ke cikin zane: katanga, ɗaki biyu, banɗaki da ɗan kicin, ka tare, dubu 700 ɗin da za ka miƙa wa wani duk shekara ta koma bulo da kwanon ɗaki na uku.